Me ya sa jijiyar da ta ji rauni ke daɗewa kafin ta warke?

A daren 3 ga Mayun 2018, mintuna kaɗan da fara wasan kusa da na ƙarshe na gasar Europa tsakanin Atletico Madrid da Arsenal, kyaftin ɗin Arsenal Laurent Koscielny ya faɗi ƙasa yana dukan ciyawa da hannu. Babu wanda ya taɓa shi. Agarar ƙafarsa ce ta tsinke. An fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, aka yi masa tiyata, kuma yana jinya Faransa ta ɗauki kofin duniya a Rasha ba tare da shi ba. Bai sake buga wasa ba sai a watan Disamba, bayan kimanin watanni 7.

Wannan ɗan wasa ne da ke da ƙwararrun likitoci da kuɗi da lokacin hutu, amma duk da haka sai da ya jira fiye da rabin shekara. Manomin da lauje ya yanke masa yatsa, da mahaucin da wuƙa ta zame masa, da matar da kafaɗarta ta ƙi ɗaguwa saboda daka da jan guga, duk irin wannan jinya ce ke gabansu, sai dai su ba su da sukunin ajiye aiki. Sanin yadda jijiya ke warkewa shi ke taimaka wa mutum ya gane lokacin da ya kamata ya haƙura, da lokacin da ya kamata ya motsa, da lokacin da jinkirin zuwa asibiti zai iya bar masa nakasa.

Wace jijiya ake nufi?

A Hausa kalmar jijiya na ɗaukar abubuwa da dama. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa sassan jiki, akwai kuma wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, wadda ita ce ke jin rauni idan an yi targaɗe. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce igiyar nan fara mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi. A takardun likitocin da ke aiki da Faransanci sunanta tendon.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya gan ta. Ita ce wadda mahauci ke huda bayanta a ƙafar baya ya rataye rago dukansa, ba ta tsinke ba. A jikin mutum takwararta ita ce agara, wadda ta taso daga tsokar sha-raɓa ta manne a ƙashin dunduniya. Babu jijiyar da ta kai ta kauri da ƙarfi a jikin ɗan Adam. Idan mutum na gudu ko tsalle, nauyin da ke hawa kanta kan ninka nauyin jikinsa sau da yawa.

Aikin jijiya shi ne ɗaukar ƙarfin tsoka ta kai wa ƙashi. Tsokokin da ke lanƙwasa yatsun hannu, alal misali, yawancinsu a damtsen ƙasa suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Dogayen jijiyoyi ne ke ratsa tafin hannu su kai ƙarfin har kan yatsa. Shi ya sa ƙaramin yanka a tafin hannu kan iya hana yatsa lanƙwasa gaba ɗaya, alhali tsoka da ƙashi lafiyarsu ƙalau.

Abin da ya ba ta ƙarfi shi ya hana ta saurin warkewa

Idan aka cire ruwan da ke cikinta, mafi yawan jijiya wani sinadarin gina jiki ne da ake kira kolajin. Zarurukansa a jere suke daram, duk sun fuskanci gefe guda, an ɗaure su dami-dami kamar igiyar rama da aka tufka da kyau. Wannan jeri shi ne sirrin ƙarfinta. Amma a tsakanin zarurukan babu fili sosai: ƙwayoyin halitta masu rai kaɗan ne, hanyoyin jini ma kaɗan ne. Shi ya sa tsoka ja ce, jijiya kuwa fara.

Jini shi ke kawo iska da abinci da ƙwayoyin da ke aikin gyara. Wurin da jini ya yi ƙaranci, gyara na tafiya a hankali. Ita kanta agara ta fi tsinkewa a wani yanki mai nisan santimita 2 zuwa 6 sama da inda ta manne a dunduniya, kuma nan ne jini ya fi ƙaranci a cikinta.

Wani bincike da masana a birnin Kopanhagen na ƙasar Denmak suka wallafa a 2013 ya nuna yadda jijiya ke da jinkirin sabunta kanta. Gwaje-gwajen makaman nukiliya da aka yi a sararin sama tsakanin 1955 da 1963 sun ƙara yawan wani nau'in sinadarin kabon a iskar duniya, daga baya yawansa ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Sinadarin ya shiga tsirrai, ya shiga abinci, ya shiga jikin mutane. Don haka idan aka auna yawansa a wani sashe na jiki, ana iya gane shekarun da aka gina sashen. Da masanan suka auna tsakiyar agarar manyan mutane, sai suka tarar kolajin ɗin da ke ciki tun na shekaru 17 na farkon rayuwa ne. Tsoka kuwa kullum cikin sabuntawa take. Ma'ana, dattijo ɗan shekara 60 da agarar samartakarsa yake yawo, da duk wahalar da ta sha.

Raunin iri biyu ne

Akwai raunin da ke zuwa farat ɗaya: wuƙa ko adda ko gilashi ya yanke jijiya, ko ta tsinke a lokacin yunƙuri. Wanda agararsa ta tsinke yakan ce ya ji kamar an buge shi da sanda ta baya, har ya waiga ya ga babu kowa. Wani lokaci ana jin ƙarar tsinkewar.

Akwai kuma raunin da ke taruwa sannu a hankali saboda maimaita aiki iri ɗaya ba hutu. Alamarsa ciwo da sagewa da sassafe, wanda ke sauƙi idan jiki ya ɗumama, sannan ya dawo bayan aiki. Da ana ɗaukar wannan a matsayin kumburi kawai. Da aka duba irin waɗannan jijiyoyi da madubin likita, sai aka ga babbar matsalar ita ce zarurukan sun hargitse, sun rabu da juna, jijiyar ta yi kauri amma ƙarfinta ya ragu. Wannan ne ke kama kafaɗa da gwiwar hannu da ƙasan ƙoƙon gwiwa, da kuma gindin babban yatsan mai jego da ke yawan ɗaga jariri.

Iri biyun suna da alaƙa. Mafi yawan agarar da ta tsinke ba tare da yanka ba, dama can ta fara lalacewa a ciki, ko da mai ita bai taɓa jin ciwo ba. Shi kansa Koscielny ya shafe shekaru yana fama da ciwon agara kafin daren da ta tsinke.

Matakai uku na warkewa

Jijiyar da ta tsinke ko aka yanke tana warkewa ne a matakai uku da ke shiga cikin juna.

Matakin farko shi ne na kumburi, wanda ke ɗaukar kwanaki kaɗan zuwa kamar mako guda. Jini na taruwa a wurin ya daskare, fararen ƙwayoyin jini su zo su kwashe abin da ya mutu, su kuma saki sinadaran da ke kiran ƙwayoyin gini. Zafi da kumburi da ɗumin da ake ji a wannan lokaci alamar an fara aiki ne. Wurin ba shi da wani ƙarfi tukuna. Idan an yi ɗinki, zaren likita ne kawai ke riƙe da bakunan jijiyar.

Mataki na biyu shi ne na cike giɓi, daga ƙarshen makon farko zuwa wajen mako na 6. Ƙwayoyin gini na yawaita, suna zuba sabon kolajin da sauri. Sai dai wani nau'i ne siriri mara ƙarfi, kuma ba a jere yake ba, a cukurkuɗe yake kamar zaren da yara suka yi wasa da shi. Giɓin ya cike, amma da abin da ba zai iya ɗaukar kaya ba.

Mataki na uku shi ne na gyaran tsari, wanda ke farawa wajen mako na 6 zuwa na 8, ya ci gaba har shekara guda ko fiye. A hankali jiki na maye gurbin siririn kolajin da mai ƙarfi, zarurukan na miƙewa su bi hanyar da ake jan jijiyar, suna kuma ƙulla kansu da juna. Duk da haka, abin da ake samu a ƙarshe tabo ne. Yana iya yin aiki sosai har a koma noma ko ƙwallo, amma ba kasafai yake kai asalin jijiyar ƙarfi da santsi ba.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ciwo na lafawa tun a mataki na biyu, lokacin da jijiyar ke da rauni ƙwarai. Mutum ya ga kumburi ya saɓe, fata ta haɗe, ya cire abin da aka ɗaure masa ya koma aiki, sai wurin ya sake tsinkewa ko ya miƙe ya yi tsawo. Jijiyar da ta warke da tsawo fiye da kima kamar igiyar guga ce da ta yi sako-sako: tsoka na ja, amma ƙarfin ba ya isa ƙashi yadda ya kamata. Mai irin wannan agara yakan kasa ɗagawa a kan yatsun ƙafa ɗaya har bayan shekaru.

Hutu kaɗai ba ya warkar da ita

Shekaru da dama da suka wuce, abin da aka saba shi ne a saka ƙafa ko hannu a filasta na tsawon watanni, a hana motsi gaba ɗaya. Yanzu an gane cewa ƙwayoyin da ke cikin jijiya na jin ja, kuma jan ne ke nuna musu inda za su jera sabbin zaruruka. Idan babu ja ko kaɗan, kolajin ɗin na zama a hargitse, tsoka ta rame, gaɓa ta sage, jijiyar kuma ta manne da naman da ke kewaye da ita. Idan jan ya yi yawa tun da wuri, gyaran ya warware. Don haka aikin likita da mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, wanda a asibitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira kine, shi ne auna nauyin da ya dace da kowane mako.

A jinyar agara, da farko ana ɗaure ƙafar ne yatsu na kallon ƙasa, domin bakunan jijiyar su kusanci juna. Bayan kamar mako 2 a kan koma takalmi na musamman mai tudu a dunduniya, a riƙa rage tudun kaɗan-kaɗan, mutum na taka ƙafar gwargwadon umarnin likita, har wajen mako na 8 zuwa na 10. Daga nan sai atisayen ƙarfafa sha-raɓa. Gudu da tsalle sai bayan watanni, kuma komawa wasa sosai kan ɗauki watanni 6 zuwa shekara.

Ga ciwon da ya taru sannu a hankali ma, motsa jiki mai tsari ne babban magani. A 1998 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Håkan Alfredson, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da mutum 15 masu tsohon ciwon agara. Ya sa suna tsayawa a bakin matakala da gaban ƙafa, suna sauke dunduniya ƙasa a hankali, sau 180 a rana, har tsawon makonni 12. Dukansu sun koma gudu kamar da. Gwajin ƙarami ne, kuma daga baya an samo wasu tsare-tsaren da ke aiki kamarsa, irin su ɗaga nauyi a hankali sau 3 a mako. Amma darasin bai sauya ba: ana ƙara wa jijiya kaya ne sannu-sannu, kuma ana lissafin sakamako da watanni. Wannan atisaye na jijiyar da ke ciwo ne ba ta tsinke ba. Wanda ake zargin tasa ta tsinke kada ya gwada shi.

Akwai ƙa'ida mai sauƙi da masu wannan aiki ke bai wa majinyata. Ɗan ciwo a lokacin atisaye ba laifi ba ne, muddin ya lafa kafin washegari. Idan aka wayi gari ciwon ko sagewar ta fi ta jiya, kayan sun yi yawa, sai a rage. Jijiya na buƙatar kwana ɗaya zuwa biyu bayan aiki mai nauyi kafin ginin da take yi ya rinjayi rushewar da aikin ya jawo.

Tiyata ko ɗauri?

Ba kowace jijiya da ta tsinke ce sai an yi mata tiyata ba. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasar Norwe, aka wallafa a 2022, ya raba majinyata fiye da 500 da agararsu ta tsinke zuwa rukuni uku: waɗanda aka yi wa jinya ba tiyata, da waɗanda aka buɗe aka ɗinke, da waɗanda aka ɗinke ta ƙananan huda. Bayan shekara guda, babu wani bambanci na a zo a gani a yadda suke amfani da ƙafafunsu. Bambancin yana wani wuri: agarar ta sake tsinkewa a kashi 6.2 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa tiyata ba, amma kashi 0.6 kacal a waɗanda aka yi wa. A ɗaya gefen, raunin jijiyar saƙo ya fi yawa a waɗanda aka yi wa tiyata. Sai dai a lura, duk waɗannan majinyata an fara kula da su ne da wuri, kuma sun bi tsarin atisaye a hannun ƙwararru.

Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsun hannu daban suke. Idan aka yanke su, tsoka na janye ɓangaren sama ya gudu can cikin tafin hannu, bakunan ba za su taɓa haɗuwa da kansu ba. Sai an ɗinke, kuma an fi samun nasara idan aka yi cikin kwanakin farko, kafin mako 2 ya wuce. Waɗannan jijiyoyi na zamewa ne a cikin wani matsattsen kube, don haka tabo kaɗan ya isa ya manne su. Shi ya sa bayan ɗinki ake sa hannu a maɗauri na kimanin makonni 6, amma ana fara motsa yatsun a hankali tun a kwanakin farko bisa koyarwar likita. Riƙe fartanya ko wuƙar fawa da ƙarfi sai bayan wajen makonni 12.

Wani ƙaramin rauni da ake rainawa shi ne idan ƙwallo ko wani abu ya bugi kan yatsa, gaɓar ƙarshe ta sunkuya ta ƙi miƙewa. Jijiyar da ke miƙe ta ce ta tsinke. Yawanci ba ya buƙatar tiyata, amma sai an ɗaure gaɓar a miƙe dare da rana na makonni 6 zuwa 8. Idan aka bar ta ta lanƙwashe ko sau ɗaya a tsakani, lissafi ya koma farko.

Abubuwan da ke jinkirta warkewa

Shekaru na da tasiri. Yayin da mutum ke manyanta, jijiya na rage laushi, ƙwayoyin gyara na rage kuzari. Tsinkewar agara ta fi yawa a maza masu shekaru 30 zuwa 50, musamman waɗanda ke zaune duk mako sannan su fita ƙwallo ranar hutu ba tare da shiri ba.

Ciwon sukari na daga cikin manyan abubuwan da ke ɓata jijiya. Sukarin da ya yi yawa a jini na manne wa kolajin, ya sa shi ya yi tauri ya rasa laushi, ya kuma lalata ƙananan hanyoyin jini. Mai sukari ya fi fuskantar sagewar kafaɗa da maƙalewar yatsa, kuma rauninsa ya fi saurin ɗaukar ƙwayoyin cuta bayan tiyata. Daidaita sukari wani ɓangare ne na jinyar jijiya. Ƙiba da yawan kitse a jini su ma suna da alaƙa da ciwon jijiya.

Taba sigari na tsuke hanyoyin jini, hayaƙinta kuma na rage iskar da jini ke ɗauka. Ga naman da dama jininsa kaɗan ne, wannan babbar asara ce. Masu shan taba sun fi samun matsalar rashin haɗewar rauni bayan ɗinkin agara ko na kafaɗa.

Sai magunguna. Akwai wani rukunin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ke raunana jijiya har ta tsinke. Mafi shahara a ciki shi ne siprofuloksasin, wanda mutane ke kira sipro, kuma ake yawan sha don taifot ko ciwon mara ko gudawa, sau da yawa ba tare da takardar likita ba. A jikin kwali sunayen wannan rukuni kan ƙare da oxacine, kamar ciprofloxacine da ofloxacine da lévofloxacine. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a sa gargaɗi mafi tsanani a kan kwalayensu saboda wannan haɗari, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ma ta taƙaita amfani da su daga baya. Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 60, da masu ciwon ƙoda, da waɗanda aka yi wa dashen wata gaɓa, da masu shan magungunan kotizon. Ciwon na iya farawa cikin kwanaki 2 da fara shan maganin, yana kuma iya bayyana watanni bayan an gama. Duk wanda ya ji ciwo ko kumburi a agara yana kan wannan magani, ya dakata da shi, ya huta da ƙafar, ya koma wurin likita a sauya masa wani.

Magungunan kotizon, irin su deksametazon da firedinisolon, su ma suna rage ginin kolajin idan aka daɗe ana sha. Wannan ya shafi masu shan su don ciwon jiki ko don neman ƙiba. Allurar kotizon a wurin ciwo na kawo sauƙi na makonni, amma bincike a kan ciwon gwiwar hannu ya nuna cewa bayan watanni waɗanda aka yi wa allurar sun fi fama da dawowar ciwon. Likitoci na guje wa yin ta a cikin agara saboda tsoron tsinkewa.

Magungunan rage zafi irin su ibuprofen da diklofenak na da amfani na ɗan lokaci, amma ba sa gyara jijiya. Babbar illarsu a nan ita ce ɓoye ciwo, mutum ya ci gaba da aikin da ke ƙara ɓarna. Yawan shan su kuma na cutar da ciki da ƙoda.

Abinci da magungunan da ake tallatawa

Jiki ba zai iya gina kolajin ba sai da abinci mai gina jiki da bitamin C. Wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nama da nono sun wadatar ta ɓangaren farko. Gwaiba da lemu da ɗanyen tumatir da garin ɗiyan kuka na ba da na biyu. Farfesun ƙafar saniya abinci ne mai kyau, amma ba ya tafiya kai tsaye zuwa jijiyar da ta ji rauni, domin ciki na narkar da shi kamar kowane nama. Wanda ke cin abinci isasshe ba ya buƙatar ƙwayoyin kolajin masu tsada.

Haka nan wasu asibitocin kuɗi na tallata allurar da ake haɗawa daga jinin majinyaci, a tace wasu ƙwayoyinsa a zuba a wurin raunin. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya da mutum 230 da agararsu ta tsinke, aka wallafa a 2019, bai ga wani amfani da allurar ta ƙara ba. Kuɗin da za a kashe a kanta ya fi amfani idan aka biya wa majinyaci zaman atisaye a wurin ƙwararre.

Inda ɗorin gida ke tsayawa

A garuruwa da ƙauyuka da yawa, mai ɗori ne ake fara nema idan an ji rauni, saboda yana kusa, kuma mutane sun yarda da shi. Amma ɗori aikin ƙashi ne. Jijiyar da ta rabu biyu ba ta haɗuwa da matsa ko ja ko gashi da ruwan zafi, hasali ma murza wurin da ƙarfi na iya ƙara raba bakunan. Ɗauri mai tsanani kuma na iya tare jini. Idan yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, ko suka mutu, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne mai tsinkakkiyar agara na iya takawa, domin wasu ƙananan tsokoki na ɗan taimakawa. A watan Afrilun 2013, ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka Kobe Bryant ya tsinke agara, ya tsaya ya jefa ƙwallo biyu a raga, sannan ya fita daga fili da ƙafarsa. Iya tafiya ba hujja ce ta cewa targaɗe ne kawai ba. Hoton ƙashi, wanda ake kira radiyo, shi ma ba ya nuna jijiya, don haka a ce hoto ya fito lafiya bai kore tsinkewa ba. Hoton eko, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ke nuna ta.

Akwai gwaji mai sauƙi da ma'aikacin lafiya ke yi ba tare da na'ura ba. Majinyaci ya kwanta rubda ciki, ƙafafunsa na reto a bakin gado, a matse masa sha-raɓa. Idan agara lafiya take, tafin ƙafar zai motsa ƙasa da kansa. Idan bai motsa ba, akwai yiwuwar ta tsinke. Idan aka bar ta makonni 4 zuwa 6 ba magani, tsoka ta janye, giɓin ya cike da tabo mara amfani, kuma gyaran kan buƙaci babbar tiyata, wani lokaci har da aro wata jijiyar daga wani wuri.

Alamomin da bai kamata a kwana da su ba sun haɗa da jin ƙara ko duka a bayan ƙafa tare da kasa ɗagawa a kan yatsu, da rami da ake ji da yatsa a kan agara, da yatsan hannu da ya kasa lanƙwasa ko miƙewa bayan yanka komai ƙanƙantarsa, da hannun da ya kasa ɗaguwa bayan faɗuwa. Ga wanda ke cikin filasta ko takalmin jinya, sabon kumburi da ciwo a sha-raɓa, ko numfashi sama-sama da ciwon ƙirji, na iya zama alamar gudan jini, wanda ke buƙatar asibiti cikin gaggawa.

Ga wanda ke zaune nesa da babban asibiti, abin yi kafin a isa shi ne a wanke rauni da ruwa mai tsabta, a rufe shi, a tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki da ake kira tetanus idan yanka ne. Idan agara ake zargi, a daina taka ƙafar, a tallafe ta yatsu na kallon ƙasa. Idan hannu ne, a sanar da ma'aikacin lafiya cewa yatsa ba ya motsi kafin ya ɗinke fata, domin sau da yawa ana rufe fatar a bar jijiyar a yanke a ciki. Bayan an fara jinya kuma, ranar cire maɗauri da ranar komawa aiki likita ne zai faɗa, ko da ciwon ya daɗe da tafiya.